ADON DA BA A SAYE A KASUWA

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa tsayawa ka yi tunani a kan sunan unguwar nan tamu? Tudun Wada a ke ce da ita. A zamanin Turawa ne aka yi ta kafa unguwanni masu wannan suna a gefen manyan garuruwa, kamar Zariya da Kano da nan Gusau, domin baƙi 'yan Arewa waɗanda suka baro garuruwansu suka zo neman abinci. Sa'anda layin dogo ya ratsa Gusau har ya kai Ƙaura Namoda a shekara ta 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, mutane suka yi ta kwararowa, kowa da buhunsa da begensa. Wada suka zo nema. Yau an tasam ma shekara ɗari, jikokinsu suna nan, nema kuwa bai ƙare ba.

Amma wada iri biyu ce. Akwai ta hannu, wadda a ke ƙirgawa a rumbu da garke da aljihu; akwai kuma ta zuci, wadda ba ta ƙirguwa. Ta fari, wani ya kan gāje ta, wani ya kan kwana da ita ya tashi babu. Ta biyu kuwa ba a gādonta, zaɓenta a ke yi, a kuma koye ta kamar yadda a ke koyon saƙa ko ƙira. Abin da na ke so in nuna maka cikin wannan 'yar takarda shi ne, wadar zuci ba ta ɓoyuwa a ciki: tana fitowa a fuska, rashinta kuma yana fitowa. Kakanninmu sun riga mu sani, shi ya sa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Ka shiga kasuwar Tudun Wada, ko ta Tsafe, ko ta Bunguɗu, ka tsaya gaban mai kayan kwalliya. Za ka ga kwalabe jere reras, kowace da hoton wata mace fara sol tana murmushi. Waɗansu an rubuta abin da ke ciki, waɗansu kuwa haɗi ne da aka dama a bayan shago aka zuba a robar da ba ta da suna. Man bilicin ke nan. Ka lura da masu saye: akwai amaryar da a ke shirin kai wa ɗaki, akwai uwargida wadda ta ji ƙishin-ƙishin za a yi mata kishiya, akwai 'yar makaranta da ta tara kuɗin karin kumallonta, akwai ma samari. Kada ka ce wannan al'amarin waɗansu ne can. Ran Lahadi ka duba hannuwan da a ke miƙawa wajen baiko cikin majami'armu, za ka ga fuska fara, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin, gama man ba ya cin wurin nan kamar sauran jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin wani rahotonta na 2011, ta kawo lissafin cewa mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna shafa irin waɗannan mayuka. A shekara ta 2023 kuma hukumar NAFDAC, mai lura da abinci da magunguna, ta yi shela cewa abin ya zama babbar barazana ga lafiyar ƙasa wadda ke bukatar matakin gaggawa.

Ya kamata ka san abin da ke cikin kwalbar. Allah ya sa wani launi cikin fatarmu wanda likitoci ke kira melanin, shi ne garkuwarmu daga zafin ranar ƙasar nan. Aikin man kuwa shi ne ya hana jiki yin wannan launi. Waɗansu mayuka zaiba a ke sa musu. Zaiba tana ratsa fata ta shiga jini, ta lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan mama. Mutanen garin Minamata na ƙasar Japan sun ɗanɗana zafinta: a 1956 aka gane wata cuta mai shanye jiki a cikinsu, daga bisani aka tabbatar zaibar da a ke zubarwa cikin teku ce ta bi ta cikin kifi ta kama su. Saboda tunawa da su ne aka sa wa yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a 2013 a kan zaiba sunan garin. Waɗansu mayuka kuma haidirokwinon ke ciki, wanda in an daɗe ana shafawa ya kan juyo ya bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Waɗansu kuwa sitiroyid ne, maganin da likita ke bayarwa na 'yan kwanaki domin cutar fata. In aka mai da shi man kullum sai fata ta yi siriri kamar takarda, nankarwa ta tsattsage ta, miki ya ƙi warkewa, hawan jini da ciwon sukari su sami ƙofa.

A shekara ta 2025 gidan rediyon BBC ya ba da labarin wata uwa a Kano wadda ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai har ya bar musu tabo. Da aka tambaye ta dalili, sai ta nuna cewa a cikin danginsu an fi nuna ƙauna ga 'ya'yan 'yar'uwarta, gama su farare ne. Ka ji fa. Wannan mata ba mugunta ta yi niyya ba, ƙauna ta ke nemar wa 'ya'yanta. Ciwon ya fara tun daga bakin waɗanda suka fifita wani jika bisa wani saboda launi, kwalba kuwa daga baya ta zo.

A nan ne maganar ta iso gare mu maza. Wa ya ƙago kirarin nan na farar mace alkyabbar mata? Wa ke cewa a teburin mai shayi shi dai fara ko mayya ce? Mu ne. Sa'anan mu dawo mu tsaya a kan bagade muna tsauta wa mata saboda son duniya. Wannan ba gaskiya ba ce a gaban Allah. A cikin Waƙar Waƙoƙi amaryar da a ke yabo baƙa ce wadda rana ta ƙona wajen tsaron gonakin inabi, Littafi kuwa bai ɗauki wannan a kan aibi ga kyanta ba. Wanda ya rina fatar matarka shi ne ya rina taka. In ka raina aikin, Mai aikin ka raina.

To, amma ko da dukan maza sun yi shiru, akwai murya ta ciki wadda ke cewa, abin da aka ba ni bai isa ba. Ita ce tushen. Bari in tuna maka da mutum biyu cikin Littafi Mai Tsarki waɗanda baƙin ciki ya hana su cin abinci.

Na fari sarki ne, Ahab na Isra'ila. Labarinsa yana cikin Sarakuna ta Fari, sura 21. Yana da mulki, da mayaƙa, da gidan da aka ƙawata da hauren giwa. Sai ya hangi 'yar gonar inabi ta wani talaka mai suna Nabot kusa da fādarsa a Yezreyel, ya so ya mai da ita lambun ganye. Nabot ya ƙi sayarwa, gama gādon iyayensa ce. Sarki guda ya koma gida ya kwanta, ya juya fuskarsa, ya ƙi abinci kamar yaron da aka hana wa alewa. Ƙarshenta matarsa Yezebel ta sa aka yi wa Nabot shaidar zur aka jajjefe shi. Ahab ya sami gonar. Amma yana cikinta, ƙafarsa ba ta gama zagayawa ba, annabi Iliya ya tarye shi da hukunci.

Ta biyu Hannatu ce, matar Elkana, cikin Sama'ila ta Fari, sura 1. Ita rashinta ba na lambu ba ne, ɗa ta rasa. Kishiyarta Feninna kuwa mai 'ya'ya ce, tana yi mata gori shekara da shekaru. Ke 'yar'uwata da kika san zaman kishi, ba sai na fassara miki ba. Hannatu ta yi kuka ta ƙi abinci. Sa'anan ta tashi ta tafi gaban Ubangiji a Shilo ta zazzage abin da ke ranta, leɓunanta suna motsi ba a jin murya, har firist Eli ya zaci ta bugu ne. Da ta bayyana masa, ya sa mata albarka. Yanzu ka lura da abin da ya biyo, gama nan ne zuciyar maganata: ta tashi ta tafi, ta ci abinci, fuskarta kuma ta sake. A ran nan ba ta da ciki. Feninna tana nan da bakinta, gida bai sāke ba ko kaɗan. Sai bayan da suka koma Rama ta sami cikin Sama'ila. Fuskar ta riga ɗan zuwa. Ta sauke kayanta inda ya kamata a sauke, ta kuma yarda ta bar shi can, ba ta sake naɗa gammo ta ɗauko ba. Ahab ya sami abin da ya ke so bai sami kwanciyar rai ba. Hannatu ta sami kwanciyar rai tun hannunta yana wofi.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce, Malam, da sauƙi ka ke magana. Ka manta a Zamfara mu ke? Ban manta ba. Na tuna da watan Fabrairu na 2021, sa'anda aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe. Na tuna da watan Satumba na shekarar, da aka yanke layukan waya, mutum ya yi makonni bai san ko uwarsa tana da rai a ƙauye ba. Na tuna da Satumba ta 2023, da aka shiga Sabon Gida a ƙasar Bunguɗu da dare aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Na san yadda mota ta kan yi tsit in ta bar Gusau ta nufi Tsafe, kowa yana duban daji, ba mai kallon Dutsen Kwatarkwashi domin sha'awa. Wanda ya ce wa mutanen da ke cikin wannan hali su yi ta dariya kawai, ba'a ya ke yi musu.

Amma ga abin da idona ya gani. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa sujada wurinmu, ba zan faɗi sunanta ba. Daga wani ƙauye bayan Tsafe ta gudo, da jikoki uku da tabarma. An kore shanunsu, an ƙone rumbu, ɗanta kuma bai fito da rai ba. Yanzu ƙosai ta ke toyawa a bakin hanya. Baƙa ce, zanen gādo ya cika kumatunta, haƙoranta sun zube saura kaɗan, hayaƙin itace ya sa idanunta ja. In kyau a kwalba ya ke, ba ta da ko ɗigo. Duk da haka yaran unguwa wurinta su ke taruwa, mata masu damuwa kuma su kan tsallake gidaje masu kujeru su zo su zauna a kan dutse kusa da kaskonta. Wata safiya na ce mata, Inna, yaya ki ke yi fuskarki ba ta ɗaurewa? Ta juya ƙosai tukuna, kāna ta ce, Ɗana, sun kwashe shanu, sun ƙone hatsi, sun ɗauke mini yaro. In na bi su da zuciyata na miƙa musu ita ma, me zan ba waɗannan ukun? Ta ce kowace asuba sai ta sake wannan shawara, gama ta jiya ba ta kwana.

Kada ka zaci ba ta kuka. Na gan ta tana yi, har ta kasa tashi daga benci bayan an tashi sujada. Hawaye ba zunubi ba ne. Ubangijinmu Yesu Kristi ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Nehemiya ya shiga gaban sarkin Farisa da fuska a ɓace saboda garun Urushalima yana rushe, Allah kuwa ya yi aiki da wannan fuska har aka ba shi izinin gini. Wanda ya ga mai makoki ya ce da shi rashin bangaskiya ke damunsa ya ƙara masa kaya ne. Haka kuma akwai baƙin cikin da ya ke cuta sosai, mai hana barci da ci wata da watanni, har mutum ya ji gara ya mutu. Irin wannan a kai shi ga likita kamar yadda a ke kai mai zazzaɓi, ana kuma yi masa addu'a. Abin da Inna ta ƙi ba baƙin ciki ba ne. Ta ƙi ɗacin rai ne, ta ƙi a naɗa shi sarki a gidanta.

Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, sura 4, ya shaida cewa zaman wadar zuci cikin ƙoshi da cikin yunwa abu ne da ya koya. Ka riƙe kalmar nan ta koyo. Ba a haife shi da ita ba, ba kuma a kan kilishi ya rubuta ba, yana ɗaure ne. Mutanen Filibi kuwa ba za su musa masa ba, gama a garinsu ne aka yi masa bulala tare da Sila aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare kuma sauran 'yan sarƙa suka ji su suna raira yabo. Bai ce ƙarfin halinsa ne ya yi ba, ya mai da abin ga Kristi mai ƙarfafa shi. Zaɓin naka ne, ikon kuwa roƙonsa a ke yi.

Ko masana jikin mutum sun ga wani gefe na wannan. Wani likita Bafaranshe mai suna Duchenne ya buga bincikensa a 1862 a kan naman fuska. Ya nuna cewa kowa yana iya jan leɓunansa ya yi murmushi sa'anda ya ga dama, amma naman da ke kewaye da ido, wanda ke tattarewa in murna ta gaskiya ta zo, da wuya ya bi umurni. Mu ma muna da suna ga murmushin da ya tsaya a haƙori: yaƙe.  Fuska kuwa kamar hanyar rafi ce, inda ƙafa ta saba bi nan ta ke zama turba. Wanda ya shekara ashirin yana harara, hararar ta kan zauna ko yana barci.

Yaya fa a ke koyo? Ba ni da asiri, sai abin da na gani yana aiki. Babban ɓarawon wadar zuci shi ne awo, wato ka riƙa auna rabonka da na wani. Dā maƙwabci ɗaya ko biyu mutum ke gani ta kan danga. Yanzu wayar hannu ta kawo mana maƙwabta dubu har cikin gado, a Facebook da TikTok, kowanne ya zaɓi ranarsa mafi kyau ya ɗauka, na'urar kuma ta goge masa ƙuraje ta ƙara masa haske. Yarinya tana auna fuskarta ta gaskiya da fuskar da ko mai ita ba ta da ita. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Saboda haka da asuba, kafin hannunka ya kai ga waya, bakinka ya riga kaiwa ga godiya, ka kuma ambaci abin da sunansa: ruwan da ke randa, yaron da ya kwana ba tari, motar da ta iso lafiya. Godiya ta jimla ba ta cika taɓa zuciya ba. In kuma ka ga wani hoto kullum yana barinka da ƙunci, ka daina dubansa. Ba wanda ya ɗora maka.

Sa'anan ka nemi wanda za ka yi wa hidima. Ban taɓa ganin mai kai wa 'yan gudun hijira kwanon tuwo ya dawo yana ƙunƙuni a kan launin fatarsa ba. In kuwa akwai wanda ka riƙe a zuci, ka sake shi. Riƙo ya fi kowane abu saurin tsufar da fuska.

Kada wani ya karanta wannan ya tafi ya ce katikis ya hana ado. Ban hana ba. Manzo Bitrus, cikin wasiƙarsa ta fari, sura 3, ya ɗora adon zuciya mai tawali'u da natsuwa bisa kitso da zinariya da tufafi, domin shi ne ba ya lalacewa. Amma bai umurci kowa da ƙazanta ba. Ubangiji ma ya ce wa mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai. Ki yi kitsonki, ki ƙunsa lalle, ki shafa man kaɗanya, ki ɗaura atamfarki mai tsabta. Gyaran abin da aka ba ki godiya ce; ƙinsa ne ya ke butulci. Kwalli kaɗai zan ja kunne a kansa: irin na dutse sau da yawa dalma ke cikinsa, kada a sa wa jarirai. Mu a ƙasar nan mun san aikin dalma tun 2010, sa'anda ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Saura abu guda, da kunya kuwa na ke faɗinsa. Shekarun baya muka tafi wani biki da matata. Da aka fito da amarya, sai na ce cikin raha, a gaban mutane, kai, ango ya more, ga ta fara kamar wata. Na manta da maganar tun kafin mu iso gida. Bayan wata uku ina neman allura a bayan jeren kwanoninta, sai hannuna ya taɓa wata roba marar suna, an shafe rabi. Na fito da ita ina shirin wa'azi. Ta dube ni ta ce, Maigida, ai kai ka aike ni. Ban sami amsa ba. Ni da ke koya wa yara katikisma, ni ne na zama Feninna a gidana. Na roƙe ta gafara a ran nan, na kuma roƙi Allah. Amma sai da aka daɗe kafin ta gaskata yabona, gama magana ɗaya ta rushe abin da goma ba su gina da sauri.

Ke da kika riga kika fara shafawa, ba na nuna ki da yatsa. Kada ki ɓoye saboda kunya, kada kuma ki watsar da man ki zauna shiru a ɗaki, gama in mai sitiroyid ne, fata ta kan yi bore da ƙaiƙayi da ƙuraje sa'anda aka bari farat ɗaya, har mace ta tsorata ta koma. Ki tafi asibiti, ko Asibitin Tarayya na Gusau ko wanda ya fi kusa da ke, ki riƙe kwalbar a hannu domin likita ya ga irin abin, ki faɗa masa tun yaushe kika fara, da ko kina da ciki ko goyo. Launinki zai dawo sannu, wataƙila da dabbare-dabbare da fari, masu baki kuma za su yi magana. Kai kuma maigidanta, kada ka aike ta ita kaɗai. Ni na raka tawa, na zauna a benci tare da ita har aka kira mu, robar kuwa a aljihuna ta ke.